Ɗan koyon da aka haɗa ni da shi ya fi ni Sifaniyanci, amma aji ya gagare shi

Assalamu alaikum Hajiya. Ina fatan kina lafiya, ya aiki da jama'a. Ni malama ce a wata makarantar sakandare a Garwa, arewacin Kamaru, kuma na daɗe ina koyar da Sifaniyanci. A wannan zangon aka turo mana ɗalibai masu koyon aikin koyarwa, aka haɗa ni da wani saurayi in sa ido a kansa har ya gama, sannan in rubuta rahoto in ba shi maki. Tsakani da Allah yaron ya iya harshen, ya ma fi ni. Kullum yana manne da waya yana sauraron mutanen Kolombiya da Meziko, har bakinsa ya koma irin nasu. Amma da ya tsaya gaban allo sai komai ya dagule. Daga shigarsa har fitarsa zuba Sifaniyanci yake da sauri, ba ya yarda ya sa Faransanci ko kalma ɗaya, wai haka ake koyar da harshe yanzu. Yara sun fi tamanin a ajin. Biyar ko shida na gaba ne ke binsa, sauran daga masu surutu sai masu gyangyaɗi. Kuma ajin 3e ne, masu zana jarrabawar ƙasa ta BEPC a ƙarshen shekara.

Makon jiya haƙurina ya ƙare. Yana bayanin ser da estar, fi'ilolin Sifaniyanci biyu masu ma'anar "kasancewa", na ga yaran sun ɓace gaba ɗaya, sai na taso daga baya na karɓi alli na ƙarasa darasin da kaina. Na kuma gyara masa furucin harafin z a gabansu, domin ni irin na mutanen Madrid na koya musu, shi kuwa s yake yi. Yara suka kwashe da dariya. Tun ranar ba ya kawo mini takardar shirin darasi sai na nema, gaisuwa ma daga nesa. Yaran kuma in ya yi tambaya sai su waiwayo su dube ni.

Sufeto zai zo duba shi nan da 'yan makonni. Wata zuciyar na cewa in karɓe ajina ya zauna a baya yana kallo har lokacinsa ya cika, kada 'ya'yan mutane su faɗi jarrabawa saboda shi. Wata kuma na cewa zalunci ne. Ga batun maki: in na rubuta gaskiya ina tsoron in toshe masa hanyar abinci, in na ƙara masa kuma na ci amanar yaran da zai koyar nan gaba. Ba zan ɓoye miki ba, akwai ɗan kishi a raina game da yadda ya iya harshen. Me kike gani?

Malama daga Garwa

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Lafiya ƙalau, Allah ya bar zumunci.

Kada ki karɓe ajin, kada kuma ki bar masa shi a yadda yake yanzu. Akwai hanya tsakanin biyun, amma kafin a kai gare ta akwai ɓarakar da sai an ɗinke, kuma ke za ki fara, domin ke ce babba.

Saboda masu karatu na Najeriya da za su yi mamakin jin ana koyar da Sifaniyanci a Garwa: a makarantun Kamaru masu bin tsarin Faransanci, yaro yana ƙara wani harshen waje daga ajin 4e, wato shekararsa ta uku a sakandare, kuma Sifaniyanci da Jamusanci aka fi ɗauka. Ajin 3e ke biye, a ƙarshensa ake zana BEPC. Malaman kuwa daga manyan makarantun horar da malamai suke fitowa, irin ENS ta Yawunde da ta Marwa da aka kafa a 2008, kuma sai sun je makaranta sun yi koyarwar gwaji a hannun tsohon malami kafin a yaye su. Ke nan yaran Malama shekararsu ta biyu ce kacal da fara harshen. A riƙe wannan, domin daga nan matsalar ta taso.

Mu fara da ranar da kika karɓi alli. Na san abin da ya tashe ki daga kujera. Duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san zafin kallon darasi yana lalacewa alhali ya san yadda zai gyara shi. Amma ki duba abin da yaran suka ɗauka a ranar. Wataƙila sun ɗan gane ser da estar. Abin da suka gane sarai shi ne, wannan na gaban allo ba malami ba ne, ɗalibi ne kamarsu, kuma maganarsa ba ta zama magana sai kin sa mata hannu. Shi ya sa suke waiwayowa. 'Yan shekara sha huɗu sha biyar ba sai an faɗa musu wa ke da iko a ɗaki ba, da ido suke ganewa. Shi kuma da ya ja baya, kada ki yi saurin cewa raini ne. Saurayi ne aka yi wa dariya a gaban yara tamanin, kuma wadda makinsa ke hannunta ce ta jawo dariyar. Ba shi da halin yi miki fushi a fili, sai ya koma ga abin da ya rage masa, wato shiru.

Ki kira shi ku yi magana inda ake ganinku amma ba a jin ku, ƙarƙashin bishiya a farfajiyar makaranta ya isa. Ki ce masa: "Malam, abin da na gani ranar nan gaskiya ne, yaran sun ɓace. Amma ba a gabansu ya kamata in gyara maka ba, ka yi haƙuri." Iyakarta ke nan. Kada ki tsawaita har ya zama shi ne ya koma yana lallashinki, kada kuma ki janye rabin farkon maganar don ki faranta masa. Daga ranar, Malam za ki riƙa kiransa, a gaban yara da bayan idonsa. Na ga kin ce "yaron" a wasiƙarki. A tsakaninmu babu laifi, amma in ta fito daga bakinki a cikin makaranta, gobe za ki ji ta a bakin ɗalibai.

Batun z kuwa, dole in faɗa miki gaskiya: bai yi kuskure ba. Masu Sifaniyanci a matsayin harshen uwa sun kai wajen miliyan 500 a duniya, kuma Sifaniya duka mutanenta ba su kai miliyan 50 ba, alhali Meziko kaɗai ta haura miliyan 120. Sa harshe tsakanin haƙora wajen furta z, da c in ta zo gaban e ko i, al'adar tsakiya da arewacin Sifaniya ce. Gaba ɗayan Latin Amurka s suke yi, haka tsibiran Kanari, haka wasu sassan Andalus a kudancin Sifaniyar kanta. Hukumar kula da harshen da ke Madrid, wadda aka kafa tun 1713, ita ma ba ta ɗauke shi a kuskure ba. Furucinki daidai ne, nasa daidai ne. Abin da ya kamata ya dame ki shi ne rubutu: yaron da ya ji casa (gida) da caza (farauta) da sauti ɗaya zai iya rubuta ɗaya a madadin ɗaya a takardar jarrabawa. Maganin wannan allo ne, duk sabuwar kalma ya rubuta ta, ya ja layi ƙarƙashin harafin. Haka vosotros, wato "ku" ta mutanen Sifaniya: mutanen da yake saurare ba sa amfani da ita, ustedes suke cewa ga kowa, amma in littafin ajinki da jarrabawa suna neman ta, dole ya koyar da ita ko bakinsa bai saba ba. A nan ba zaɓinsa ba ne.

Wannan saɓanin da ya jawo dariya, da shi za ki mayar masa da mutuncinsa. Ki ba shi minti goma a gaban ajin nan dai, da taswira ko zanen alli, ya nuna musu inda ake furta wannan da inda ake furta wancan. Ke kuma ki faɗa da bakinki cewa kin koyi na Madrid, Malam yana yin na Bogota ta Kolombiya, kuma duk wanda ya ji biyun ya fi wanda ya ji ɗaya. Kada ya manta da maƙwabciyarku Ikwatoriyal Gini, wadda ta samu 'yancin kai daga Sifaniya a 1968 kuma Sifaniyanci ne harshen hukuma a can. Cikin yaran nan, wanda zai yi amfani da harshen don neman abinci ya fi kusa da yin haka a kasuwar Kye-Ossi da ke kan iyaka, ko a biranenta Bata da Malabo, fiye da Madrid.

Yanzu ainihin matsalar. Saurayin nan ya san Sifaniyanci, abin da bai sani ba shi ne yara. Idan ya tsaya gaban allo, kansa yake saurare: shin jimlar ta fita daidai, shin Malama ta ji kuskure, shin lokaci zai ishe ni. Wata mai bincike a Jami'ar Texas, Frances Fuller, ta rubuta tun 1969 cewa sabon malami da kansa yake fara damuwa, sai ya samu natsuwa sannan hankalinsa ke komawa kan ko ɗalibai suna koyon wani abu. Ke kin wuce wannan matakin tun tuni har kin manta da shi. Kina ganin yarinyar da ta ajiye biro a layi na bakwai, shi kuwa taron kawuna kawai yake gani. Aikin da aka ba ki shi ne ki koya masa wannan ganin, kuma ba a samun sa da faɗa.

Ga abin da nake so ki gwada. Ke ki koyar, shi ya zauna a benci na ƙarshe, ba a kujerar malami ba. Ki zaɓar masa yara huɗu, ɗaya mai ƙoƙari, biyu na tsakiya, ɗaya da aka bari a baya. Kada ya kalle ki, su zai kalla, ya rubuta lokacin da kowane ya daina bi da abin da kika yi ya dawo. Washegari ku sauya: shi a gaba, ke a baya da yaran nan huɗu. Sannan ya ajiye wayar tasa a kan tebur na ƙarshe ta ɗauki muryarsa na minti goma, ya saurara shi kaɗai a gida. Wanda ya ji kansa daga layin baya, cikin hayaniyar yara tamanin, ba sai an ce masa yana sauri ba. Ki kuma sa shi ya zana taswirar ajin da sunayen yara ya haddace gwargwadon iko. "Kai na can baya" ba ta tsayar da surutu, suna ne ke tsayarwa.

Aƙidarsa ta ƙin Faransanci ba daga sama ya ɗauko ta ba, kada ki yi mata ba'a. Ƙungiyar malaman harsunan waje ta Amurka, ACTFL, ta ba da shawara a 2010 cewa aƙalla kashi 90 cikin ɗari na maganar aji ta kasance cikin harshen da ake koyo, kuma akwai hikima a ciki, domin yaran Garwa in ba su ji Sifaniyanci a ajinki ba, ina za su ji shi? Mu tsofaffin hannu sau da yawa mukan cinye awa guda muna bayanin nahawu da Faransanci, yaro ya fita bai furta jimla ɗaya ba. To amma abin da ake nufi shi ne Sifaniyancin da yaro ke ganewa. Wanda ba ya ganewa, a kunnensa ƙara ce kawai. A ma'aunin iya harshe na Turai mai matakai shida, daga A1 zuwa C2, yaranki suna ƙasa-ƙasa, shi kuma yana yi musu magana kamar yana hira da tsararrakinsa. Kada ki ce masa ya daina Sifaniyanci. Ki ce masa ya rage gudu, ya gajarta jimla, ya maimaita abu ɗaya ta fuska uku, ya nuna da hannu, ya zana, ya jingina da kalmomin da suka yi kama da na Faransanci. Umarnin aji guda goma sha wani abu, buɗe littafi, saurara, rubuta, maimaita, a rubuta su a gefen allo su zauna a can. Sauran kashi goman kuma yana da amfani: in za a ba da umarnin aikin gida, ko a warware wani ƙulli na nahawu da ya ƙi warwaruwa, jimla biyu da Faransanci sun fi minti goma na zagaye-zagaye. Ya dai yi hattara da kalmomin da ke yaudara, salir a Sifaniyanci fita ce, a Faransanci ɓata abu da dauɗa.

Ki lura kuma da abin da yake yi bayan ya yi tambaya. Ina kyautata zaton na gaba ɗin nan biyar ne ke amsawa kafin ya rufe baki, shi kuma ya ji daɗi ya wuce. Mary Budd Rowe ta auna wannan a azuzuwan Amurka a shekarun 1970, ta ga malami kusan daƙiƙa ɗaya yake jira, kuma in ya jira uku ko fiye, amsoshi kan tsawaita, masu amsawa su ƙaru. Wannan a harshen da yaran suka iya ke nan, balle wanda sai sun haɗa jimla a kai kafin su furta. Ya yi tambaya, ya hana ɗaga hannu, ya ƙirga biyar a zuci, sannan ya kira suna. A aji mai yawa irin naki salon La Martinière da ake yi a firamare yana aiki: kowa ya rubuta amsa da manyan baƙaƙe a ƙaramin allo ko takarda, a ɗaga tare. Kallo ɗaya zai nuna masa ko rabin ajin sun gane ko kuwa mutum shida ne.

Akwai abin da kika sani wanda wayarsa ba za ta koya masa ba, wato harsunan da yaran suka zo da su daga gida. Ɗauki ser da estar ɗin da suka haɗa ku. Faransanci fi'ili ɗaya gare shi a wurin, être, don haka in ta nan kaɗai aka bi, sai dai yaro ya haddace dokoki. Amma mai jin Hausa ya riga ya saba raba su a bakinsa: yana cewa "Audu tela ne", yana cewa "Audu yana kasuwa", kuma ba ya taɓa cakuɗa su. Na farko Audu es sastre, na biyu Audu está en el mercado. Ba ko'ina suke dacewa ba, "ya gaji" ta bi wata hanya alhali Sifaniyanci está cansado yake cewa, amma ƙofar shiga ce mai kyau. Na san a Garwa Fillanci ya fi yawa a bakin yara, kuma akwai masu wasu harsunan, to ya tambaye su yadda suke faɗin jimlolin biyu a gida, su da kansu za su gano inda aka raba. Haka furuci. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a e i o u, irin namu, kuma kaɗa harshen da ke cikin perro (kare) yana nan a "biyar". Yaro yakan bar wannan ya ɗauko r ɗin maƙogwaro na Faransanci don yana zaton duk harshen Turawa haka yake. Inda Bahaushe ke tuntuɓe shi ne p da f, sai puente ta koma fuente, gada ta zama maɓuɓɓugar ruwa. In kuma yana son ya farkar da masu gyangyaɗi, ya ba su labarin zaman Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492 da kalmomin Larabcin da suka bari: azúcar sukari, aceituna zaitun, alcalde shugaban gari wanda tushensu ɗaya da alƙali.

Sai rabon aiki. Tsoronki game da BEPC gaskiya ne, yaran amanarki ce, shi baƙo ne mai tafiya. Amma ba a koyon tuƙin tuwo daga bakin ƙofa, sai an riƙe muciya. A ajin 3e ki riƙe ragamar abin da za a koyar da lokacin da za a gama shi, ki riƙa yanka masa rabo a cikin darasin: yau minti goma sha biyar na sauraro da magana, gobe karatun nassi, ke ki ɗauki nahawun da jarrabawa ta fi nema. In ya yi kyau a ƙara masa. In kina da ajin 4e kuma tsarin da aka turo shi da shi bai hana ba, can ne wurin da zai riƙe darasi cikakke daga farko zuwa ƙarshe, domin babu jarrabawar ƙasa a kansu bana kuma masu farawa za su tilasta masa ya sauƙaƙa harshensa. In sufeto a 3e zai gan shi, to dole ya yi cikakkun darussa a can ma kafin ranar. Ku sanar da yara tun farko wa ke da wane sashe, don kada miƙa alli ya yi kama da ƙwace.

Ku kuma yi alama tsakaninku. In kin ɗaga biro sama, yana nufin ya rage gudu ya duba ko an gane. In shi ya ce "Malama, ko za ki ƙara mana misali?", ke nan ya gayyace ki, ki ba da misalin ki koma ki zauna. In yara suka waiwayo, ki sunkuyar da kai kina rubutu, ko ki nuna shi da hannu. Wuraren da za ki tashi ba tare da gayyata ba kaɗan ne: in ya ɗaga hannu zai daki yaro, in ya ci mutuncin wani, in faɗa ya kaure. Kuskuren nahawu a allo ba ya cikinsu. Ki rubuta, ki nuna masa bayan an tashi, washegari shi da kansa ya buɗe darasi da gyaran. Yara ba sa raina malamin da ya gyara kansa kamar yadda suke raina wanda aka gyara.

Zaman bayan darasi ya zama a ranar, kuma gajere. Shi zai fara magana: me ya so yara su iya in sun fita, kuma ta yaya ya san sun iya? Sannan ke ki faɗi abu ɗaya da ya yi kyau, da abu ɗaya da za a gyara kafin darasi na gaba. Ɗaya, Malama, ko da kin rubuta goma. Kuma ki kawo abin da kika ƙirga, ba hukunci ba. "Ba ka iya riƙe aji ba" babu abin da zai yi da ita sai baƙin ciki. "Ka yi tambaya goma sha biyu, tara layin farko ne suka amsa, babu mace ko ɗaya" abu ne da zai iya gyarawa gobe da safe. Wani mako ki duba yadda yake gyara kuskuren yara. Masu iya harshe irinsa sukan maimaita jimlar yaro a gyare su wuce. Lyster da Ranta sun bi wannan a azuzuwan Faransanci a Kanada a 1997, suka ga ita ce hanyar da malamai suka fi bi, fiye da rabin gyare-gyarensu, kuma ita ce yara suka fi bari ta wuce ba su gyara komai ba. In yaro ya ce "yo es" maimakon "yo soy", wato "ni ne", gara ya tsaya ya ce "yo es?" da alamar tambaya, ya bar yaron ya nemo soy da kansa. Takardar shirin darasi kuwa ba alfarma ba ce. Ki sa mata ƙa'ida, ta zo hannunki kwana ɗaya kafin darasi, wanda bai kawo ba ba ya shiga aji. Ki faɗi wannan a zaman da za ki ba shi haƙuri, don ya san sulhu ba sakaci ba ne.

Kishin da kika ambata ba ya ba ni tsoro, tunda kin iya kiran sunansa. Malamin harshen waje da ya shekara da shekaru yana magana da masu farawa kaɗai, dole harshensa ya yi nauyi, kuma wannan ba gazawarki ba ce. Allah ya kawo miki abokin hira har gida na 'yan makonni, ki more shi. Ku riƙa yin zaman bayan darasin da Sifaniyanci, ko rabinsa. Ku shirya gajeriyar hira ku yi a gaban aji, mai saye da mai sayarwa, likita da marar lafiya, domin yawancin yaran nan ba su taɓa ganin mutum biyu suna magana da harshen ido da ido ba. Ki tambaye shi abin da yake saurare ya tura miki. In abin ya ƙara miki sha'awa, ga DELE, jarrabawar ƙwarewa a Sifaniyanci ta Cibiyar Cervantes, wadda ta buɗe reshe a Dakar a 2021, kina iya sa ta a gaba. Abin da za ki kiyaye kawai shi ne kada kishin ya bi ta bayan gida ya shiga cikin rahoto.

Ga makin. Kin sa kanki tsakanin toshe masa hanya da cin amana ne saboda kina tunanin rahoton a matsayin abin da za a rubuta a ɓoye ranar ƙarshe. Ki fito da takardar a wannan makon ki ajiye a gabansa. Ku bi ta layi-layi, ki faɗa masa inda yake yau in da yau za a rufe: sanin harshe sama, shirin darasi tsaka-tsaki, riƙe aji da tabbatar da an gane ƙasa. Ki faɗa masa abin da kike son gani kafin makin ya motsa, abubuwa biyu ko uku da ido ke iya gani, irin kiran yaran baya da suna, da duba ganewa kafin a wuce, da kawo takarda a kan lokaci. Bayan mako biyu ku sake buɗe ta. In ya gyara, ki rubuta cewa ya fara da rauni ya gyara, wannan shaida ce mai kyau ga sabon malami. In bai motsa ba duk da wannan, ki sanar da malaminsa na can makarantarsu tun da sauran lokaci, a rubuce, sannan ki ba shi makin da ya samu. A lokacin ba ke kika toshe masa hanya ba.

Ranar sufeto kuma za a jarrabe ki da tausayi. Za ki so ki rubuta masa darasin, ko ku yi wa yara bitar amsoshi tun jajibiri. Kada ki yi. Sufeto tsohon malami ne, ya san ajin da aka yi wa bita, yaran kuma za su ga malamansu biyu sun haɗa baki. Abin da ya halatta shi ne ki duba takardarsa, ki sa shi ya yi miki darasin a aji babu kowa kina duba agogo, ki tabbata akwai alli kuma an share allo. In sufeto ya tambaye ki a gefe, ki faɗa masa abin da kika riga kika faɗa wa Malam ɗin a gabansa, kada ki ƙara, kada ki rage.